Gawayin da Ba na Itace Ba

Talata, 8 ga Yuli, bayan la'asar

Na zo gida Dakoro da niyyar kwana biyu in koma Maraɗi, ga ni har yau. Malamin da ke duba memuwar ɗina, wato kundin bincikena na digirin mastar, yana jiran babi na biyu kafin ƙarshen wata, ni kuwa na buɗe shafin babi na biyun ina rubuta wannan. To wa zan faɗa mawa? Inna sai kuka, Yaya Rashidu sai harara, Baba kuma ya ce ba a magana.

Hannun Baba ne. Na dama, sama da wuyan hannu kaɗan. Ran Lahadi ɗan ƙurji ne kamar cizon sauro, yana ta sosawa. Yau ya ɗuri ruwa, gefen ya tashi, hannun ya kumbura har agogonshi ba ya shiga. Mutumin da tun kafin a haife ni yake fawa a kasuwar garin nan, wuƙa ta yanke shi ba adadi, bai taɓa zama gida don ciwo ba. Yanzu ko ƙofa ba ya leƙawa. Na ce mu je gidan likita, ga shi nan ba nisa. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Lailatu, wa ya aike ki?"

Abin da ya faru ran Alhamis ɗin da ta wuce ba zan rubuta shi ba. Saniya ce dai, ta faɗi, aka yi sauri aka yanka kafin ta zama mushe, aka yi watanda, unguwa ta ci nama. Shi ke nan.

Laraba, 9 ga Yuli, da hantsi

Baba ya tara mu ƙarƙashin rumfa, ni da Inna Dela da Yaya Rashidu. Ya ɗora hannun bisa matashi kamar ajiyar wani. Ya ce, "Ku saurara da kyau, ba ni maimaitawa. Ciwon ga nawa ne. Ba likita, ba maƙwabci, ba dangi. Duk wanda ya hidda maganar gidan ga waje, ko ta hannuna ko ta saniyar nan, ban yahe mashi ba, duniya da lahira."

Inna ta ce, "Haba Malam, ɗiyanka ne fa."

Ya ce, "Har da ke."

Na yi boko, na yi, na san abin da zan ce da a ce a aji aka kawo irin wannan magana. Amma ranar da ubanka ya dube ka ya ce bai yafe ba, boko ba ya ɗaga maka ƙafa. Yaya ya ɗauki tabarma ya koma zaure. Duk wanda ya yi sallama, sai ya ce Baba ya yi tafiya Birnin Lalle. Ƙarya da rana tsaka, a gidan da aka zane ni ina ƙarama don na ce ba ni na ci ƙuli-ƙuli ba.

Laraba, bayan azahar

An yi ruwa. Ban fita ko tsakar gida ba.

Alhamis, 10 ga Yuli, da yamma

Tsakiyar ƙurjin ta yi baƙi. Baƙi ƙirin, ta lotsa ciki, ga wasu 'yan ƙuraje sun zagaye ta. Abin da ya fi tayar mani da hankali, wai ba zafi. Inna ta danna da yatsa, ko gezau bai yi ba.

Da ya yi barcin rana na ɗauki hoton hannun na aika ma Fadimata. Tare muka yi lise, wato sakandare, yanzu tana aikin jinya a wani ƙaramin gidan likita can wajen Azagor, inda sai an hau tudu ake samun rezo, wato sabis ɗin waya. Na ce mata hannun wani ne. Na ce ma kaina hoto ba magana ba ne, ban fidda komi ba. Allah na tuba.

Nan take ta kira, murya na yankewa. "Laila... wanga kamar sharbon ne fa... ku kai shi... kada ku..." Sai layin ya mutu. Na kira, na sake kira, ba ya shiga.

Sharbon, gawayi ke nan da Faransanci. To ai ni ma ina da ido, Fadimata, na ga baƙi ne kamar gawayi. Shekara biyu ina rubutu kan cinikin gawayi da itacen girki, sai ke za ki koya mani kalar sharbon? Zancen kai shi likita kuwa, zo ki ɗaga shi in kin isa.

Yaya ya jiyo muryata daga zaure. Ya shigo ya fizge wayar, portabul ɗina, ya kashe, ya jefa aljihu. Ya ce, "Ke kin fi kowa ilimi ko? So kike ki jawo muna jandarma?" Na ce jandarma na me? Ya koma tabarmarshi.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Abin da ya rage mani 'yar ordinatar ɗin nan, kwamfutar da jami'a ta raba muna, mu 'yan mastar. Ƙarama ce, da kaɗan ta fi faranti. Yaya ya ɗauka injin rubutu ce kawai, shi ya sa ya bar mani ita. Kusan ma ya yi gaskiya. Layin da ke cikinta ba ya kira, ba ya aika saƙo, ba ya buɗe komi sai ƙofar laburaren jami'a, inda muke shiga baz, wato rumbunan da aka tara sunayen takardun bincike na duniya da ɗan taƙaitaccen bayanin kowace. Da can zagin wanda ya toshe sauran nake yi. Yau albarka nake sa mashi da ya bar wannan ɗin.

Rezo ba ya zuwa sai a lungun turken awaki. Na kifa turmi na ɗora ta, na tsuguna, awaki suna kallona.

Na rubuta da Faransanci: miki baƙi, hannu, kumburi. Takardu suka zubo kamar ba za su ƙare ba. Ciwon suga, saran maciji, ƙuna, ruɓewar nama. Kowace na karanta sai in ga Baba a ciki, in ruga ɗaki in dubi hannun, in ga ba shi ba ne. Rabinsu da Ingilishi, ni da Ingilishi kuwa sai a hankali. Wadda ka ga kamar ita ce, ka danna, a ce maka jami'arku ba ta da izinin buɗe ta. Tir.

Sai na tuna da kalmar Fadimata. Ina da wani nema da na adana cikin asusuna tun shekarar farko, Malam Sharfaddeen na laburare ya taya ni haɗa shi. Dannawa ɗaya yake fito mani da duk abin da ya shafi charbon, haka ake rubuta sharbon ɗin. Na danna shi kamar kullum, na ƙara "fata", na ƙara "miki". Batir ya mutu kafin shafin ya buɗe.

Asabar, 12 ga Yuli, da rana

Ba wuta. Kumburin ya kai gwiwar hannu.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan la'asar

Wuta ta dawo, shafin ya buɗe. Ƙunar masu yin gawayi, ƙurar da ke shiga huhunsu, duk na san su, wasu ma suna cikin memuwar ɗina. Can ƙasa sai ga wasu takardu kan ɗaurin miki da gawayi, wai yana shanye ruwa da wari. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Na ce ashe abin da Fadimata ke nufi ke nan, ku sa mashi sharbon!

Na faɗa ma Inna. Ta zaɓo gawayi masu kyau daga murhu, ta daka, ta tankaɗe da rariyar gari, ta barbaɗa tana bismilla. Baba ya bar ta, idonshi na kan katanga. Ya ce, "Wanga daga cikin injin ya hito?" Na ce eh, masana ne suka rubuta. Ya ce, "To madalla." Yadda ya faɗe ta, kamar ana lallashin yaro, har yanzu yana ci mani rai.

Takardar ta ce gawayin likita ne da aka sarrafa, ba na murhu ba. Na gani. Na tsallake wurin.

Litinin, 14 ga Yuli, da hantsi

Goggo Hawa ta zo, matar Baba Kimba na bayan katangarmu. Baba Kimba abokin Baba ne tun suna samari, shi ke riƙe mashi ƙafar dabba in ana fiɗa. Yaya ya tare ta a zaure. Ina jin ta daga ɗaki tana cewa, "Rashidu, in Ɗangoggo ya dawo ka ce mashi abokinshi ba lahiya. Ciki ne. Amai har da jini tun shekaranjiya. Ya ƙi likita, wai basir ne." Ɗangoggo shi ne sunan da gari ya san Baba da shi. Yana kwance yana jin komi. Ya jawo mayafi ya rufe fuska.

Ran Alhamis ɗin da aka yanka saniyar, Baba Kimba ne ya gasa hanta nan wurin yanka, sama-sama yadda yake so, yana ci yana tsokanar mutane. Yaya ne ya ba mu labari a ranar. Mu kuwa ko tsoka ɗaya ba ta shigo gidan nan ba. Mahauci ya yi watanda, gidanshi ya kwana da miyar kuka lami. Inna ta tambaya, ya ce rabo ya ƙare.

Ban san abin da ya sa nake rubuta wannan ba.

Talata, 15 ga Yuli, da rana

Charbon da kumburi, babu. Charbon da zazzaɓi, babu. Charbon da ciwon ciki, takarda biyu, duk kan hayaƙin girki. Charbon da hannu, babu. Charbon da mutuwa, hayaƙin girki. Na sake daga farko. Na sake.

Ilimin duniya duka yana cikin abin nan, haka Malam Sharfaddeen ke ce muna. Ni dai ga ni tsugune gaban turmi, akuya na cin gefen zanena, kuma na gaji. Na gaji da ganin babu.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan azahar

Baba Kimba ya rasu da hantsi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ta katanga muka ji kukan. Da makara ta zo wucewa ta ƙofarmu Baba ya yunƙura zai tashi, jiri ya kwashe shi, Inna ta tare. Yaya ne ya je jana'iza, ya ce ma mutane Baba bai dawo daga Birnin Lalle ba. Abokinka na shekara da shekaru, a wuce da shi ta ƙofarka kana kwance kana ɓuya. Na leƙa in ga fuskar Baba, ya ce in jawo mashi ƙofar.

Duk lokacin jana'izar zaure ba kowa. Na ɗauki hijabina na je har bakin ƙofa. Ga titi, ga kabu-kabu na wucewa. Na tsaya, na tsaya, maganar Baba ta waccan Larabar na yi mani amo a kunne. Na dawo na ninke hijabin.

Alhamis, 17 ga Yuli, da yamma

Zazzaɓi ya shiga. Kumburin ya haye kafaɗa, yana neman wuya. Inna ta daina sa gawayin da kanta, ba wanda ya ce ta daina.

Na samu Yaya a zaure na ce, "Yaya, mutuwa fa zai yi."

Ya ce, "Rufe muna baki."

Na ce ba zan rufe ba, ka zauna nan kamar mai gadin kurkuku, ubanmu na ruɓewa a ɗaki. Ya taso kamar zai mare ni. Na ba shi kuncin, na ce bismilla. Sai hannun ya sauka. Ya ce, "Kin san gida nawa suka ɗauki kashi? In magana ta fita wa zai ƙara sayen ko ƙashi a teburinmu? Ke kina da inda za ki koma, ni nan nake da iyalina." Sannan ya ce ƙasa-ƙasa, "Ni na kawo saniyar, Laila. Ni za a kama." Ya juya baya yana share fuska da hula.

Na shigo da niyyar faɗa, na fita da tausayinshi. Haushi nake ji ma da na tausaya mashi.

Juma'a, 18 ga Yuli, da rana

Yau ban buɗe ordinatar ɗin ba. Na tsani 'yar ƙarar da take yi in ta tashi.

Asabar, 19 ga Yuli, da hantsi

Bari in rubuta a hankali.

Da na kunna ordinatar ɗin yau sai na tarar ta fidda ni daga asusuna, tana neman kod, lambar sirri. Kod ɗin yana cikin portabul, portabul yana aljihun Yaya. Sai na shiga a matsayin baƙuwa, wadda ba ta ganin komi sai sunayen takardu da taƙaitawarsu. Nemana da na adana babu shi. Dole na rubuta da hannu: charbon, Niger.

Shanu. Shafi guda cur, shanu. Shanu, tumaki, mahauta, majema. Charbon bactéridien, charbon bactéridien, har ƙasa. Na buɗe taƙaitawar wani ɗalibin likitancin dabbobi. Cuta ce ta dabbobi, ta fi tasowa farkon damina, tana kayar da saniya farat ɗaya. Jinin ya yi baƙi ya ƙi daskarewa, saifa ta kumbura. Tana kama wanda ya yi fiɗa: ƙurji mara zafi, baƙi a tsakiya, kumburi mai yawa. Tana kama wanda ya ci naman bai dahu ba: ciki, amai da jini. Har ya rubuta sunan da makiyaya ke kiranta da Hausa, saifa. Kuma akwai magani, yana warkarwa in an kai mutum da wuri.

In an kai shi da wuri. Na karanta layin nan har haruffan suka haɗe.

Sai na tuna. Shekarar farko na je ina yi ma Malam Sharfaddeen ƙorafi, duk na nemi gawayi sai shanu su cika mani shafi. Ya yi dariya ya ce na likitocin dabbobi ne, ba ruwana da su. Ya nuna mani yadda ake rubuta SAUF, wato ban da. Ban da shanu, ban da cuta, ban da likitan dabbobi. Ni na danna adanawa da yatsana, har ina yi mashi godiya. Ko sau ɗaya ban taɓa buɗe ɗaya in ga me ya haɗa saniya da gawayi ba. Tun waccan Juma'ar duk neman da nake yi ta cikin wannan rariya yake bi, kuma abin da nake nema shi ne na ce a tace.

Kai, Lailatu! Fadimata ta faɗa maki sunan ciwon da bakinta, kin tafi kin sa uwarki dakan gawayi.

Asabar, bayan la'asar

Na ɗauki ordinatar ɗin na shiga ɗakin Baba. Numfashinshi ya yi nauyi. Na durƙusa na ce, "Baba, na samo sunan ciwon nan. Ana ce mashi..."

Ya ce, "Saifa."

Na saki baki.

Ya ce, "Tun da na tsaga cikin na gan ta. Baƙa, ta cika tasa. Jinin ya ƙi tsayawa. Mutane na tsaye da kwanoninsu, kowa ya sa rai. Na tura ta ƙarƙashin hwata, na bizne ta daga baya. Na ce ma kaina wuta na kashe komi."

Tun da nake ban taɓa ɗaga ma Baba murya ba. Yau na ɗaga. Na ce ka sani, ka sani kana kallona ina tsugune cikin kashin awaki, kana kallon Inna tana barbaɗa maka gawayi, kana cewa madalla! Na ce akwai magani, Baba, akwai, ga shi nan a rubuce, yau ɗin nan in aka kai ka. Na ce kuma ba kai kaɗai ba ne, akwai gidajen da ƙila har yanzu suna da busasshen naman nan a rataye.

Ya rufe ido ya ce, "Maganata na nan yadda na hwaɗe ta."

Inna na tsaye bakin ƙofa, ta ji duka. Bayan na fito ta zo ta ɗauki takalmana daga ƙarƙashin rumfa, ta kakkaɓe su, ta jera su a bakin ɗakina, bakinsu na kallon zaure. Ta ce, "Ni ban ce maki komi ba."

Lahadi, 20 ga Yuli, da yamma

Na fita.

Da sassafe ne. Yaya na zaure, ya miƙe ƙafafu ya tare hanya. Na ce, "Yaya, ka dake ni in ka ga dama, amma sai na wuce." Ya daɗe yana kallona. Ya janye ƙafafun, ya sa hannu aljihu ya miƙo mani portabul ɗina.

Ta ƙofar Baba Kimba hanya ta bi, masu zaman makoki sun fara shimfiɗa tabarmi. Na gaida su, suka amsa, wani tsoho ya ce yaushe Ɗangoggo zai dawo. Na sunkuyar da kai na wuce. Kowane taku ji nake ana cewa duniya da lahira, duniya da lahira.

A gidan likita na ce ma majo, shugaban masu jinya, babana na da sharbon. Ya ɗago ya ce wa ya faɗa maki? Na buɗe mashi shafin da na bari a buɗe, na nuna mashi hoton. Ya ture kujera ya miƙe. Ya kira likita, suka zaunar da ni. Yaushe aka yanka, a ina, su wa suka yi fiɗa, gidajen wa suka ɗauka, ina fatar. Na faɗi duka. Na ambaci sunan Baba, na ambaci sunan Yaya. Ina jin muryata kamar ta wata mata.

Da ambilans ta tsaya a ƙofarmu unguwa duk ta fito. Mutumin da aka ce yana Birnin Lalle, ga shi an fito da shi a kan shimfiɗa. Bai yi gardama ba, ba shi da ƙarfin yi. Bai dube ni ba.

Talata, 22 ga Yuli, bayan azahar

Likitocin dabbobi sun zo, sun ƙone fatar, sun tone wurin yanka sun zuba magani sun kewaye. An bi gida-gida ana raba ƙwayoyi. An samu wata yarinya a layin bayanmu da ƙurji a kumatu, an ce an kama nata da wuri. Jandarma sun tafi da Yaya jiya, sun sako shi da yamma, zai koma.

Teburin Baba a kasuwa an kife shi. Ba wadda ke gaida Inna a bakin famfo. Ta dafa abinci ta aika gidan makoki, Goggo Hawa ta maido kwanon ko buɗewa ba a yi ba. Inna ta zauna da shi a cinya har ya huce.

Fadimata ta samu rezo. Ta ce cewa ta yi kada ku taɓa shi, ku kai shi yau ɗin nan. Ta ce, "Ashe ba ki gane ba?" Na ce na gane gawayi. Ta fara dariya, da ta ji numfashina sai ta bari.

Laraba, 23 ga Yuli, da rana

Inna ce ke shiga wurin Baba. Ni bakin baranda nake zama.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan la'asar

Likita ya ce zazzaɓin ya sauka, kumburin na janyewa, zai tashi insha Allahu. Ya ce da an ƙara kwana biyu da wata magana ake yi. Na shiga bayan ginin na yi kuka son raina, na wanke fuska.

Inna ta je salla, ta bar mani kofin kunu. Na tsaya da shi a ƙofa har ya fara sanyi, sannan na shiga. Yana kwance fuskarshi na bango, hannun a naɗe. Ya rame har ban san ƙeyarshi ba.

Na ce, "Baba, sannu."

Bai juyo ba.

Na ce, "Ni na faɗa. Ba Yaya ba, ba Inna ba. Ni kaɗai."

Ya ce, "Na sani."

Na shirya magana mai tsawo tun daga gida, duk ta gudu. Abin da ya fito shi ne, "Da ka mutu, Baba."

Na ɗauka zai yi zancen tebur, ko na jandarma, ko abin da gari ke cewa. Ya ce, yana kallon bangon, "Da Kimba bai tahi shi kaɗai ba."

Na rasa inda zan sa idona. Duk kwanakin nan na ɗauka ɓuya yake yi. Tun ranar da makara ta wuce, ashe jiran mutuwa yake.

Na ce, "Ga kunu."

Ya juyo a hankali. Ya miƙo hannun hagu ya karɓa. Na riƙe mashi gindin kofin don kada ya zube, ya sha.